Karena ya kayar da Baba maigadi a bakin kwata, wace ragama zan saya masa?

Mai tambaya, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina da karen gadi, jinsin Jamus ɗin nan irin na 'yan sanda, wata 14 da haihuwa, kilo 34 a awon ƙarshe. A cikin gida ba shi da matsala, amma da an sa masa igiya an buɗe ƙofa sai ya koma kamar san huɗa. Ran Talata Baba maigadi ya fita da shi bayan la'asar, akuya ta gilma, ya fizge shi ya faɗi a bakin kwata. Gwiwa ta ɗaye, wuyan hannu ya kumbura. Dattijo ne ya haura sittin, wallahi ko ido na kasa haɗawa da shi. Sarƙar nan mai shaƙe wuya nake sa masa, amma ko a jikinsa, yana kakari yana ja. Na ga ana tallar wani abu da ake sa wa kare a kai kamar ragamar doki, wata sunanta Halti, wata Gentle Leader. Wanda ya taɓa amfani da su ya taimaka: wacce ta fi, kuma takunkumi ce ko kuwa?

Mai Doki, Katsina:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ban san na kare ba, amma hikimar na gane ta. Ingarman da ya fi ka nauyi sau biyar ba a riƙe shi ta wuya, ta kai ake riƙe shi. Raƙumi ma da akala yaro ke jan sa. Inda hanci ya nufa, can jiki zai bi. Ƙarfin dabba a wuya da ƙirji yake, kai kuma nan ka ɗaura igiyarka, ka ga ai kai ka ba shi wurin ja.

Ɗan Kawo:
Malam ka samo tsumagiya kawai. Sau biyu zai sha ya nutsu.

Likitar dabbobi, Jos:
Ɗan Kawo, don Allah a'a. Karen gadi mai kilo 34 in ya koyi tsoron hannun mai riƙe da shi, wata rana hannun zai kama.

Malam, fara da ajiye sarƙar nan. Kakarin da kake ji maƙogwaronsa ne ake matsewa, kuma kare in ya ji an ja shi baya, ɗabi'arsa ce ya ƙara turjewa gaba.

Ragamar ba takunkumi ba ce. Da ita a kansa zai buɗe baki, ya yi haki, ya sha ruwa, ya yi haushi, kuma in ya so cizo zai iya. Buɗe bakin nan dole ne a zafin ƙasarmu, domin da haki kare ke sanyaya jikinsa. Maɗauri biyu gare ta: ɗaya ya zagaye wuya can sama, dab da bayan kunnuwa, ɗaya ya zagaye dogon bakin. Igiya kuma a ƙarƙashin haɓa ake maƙala ta. In ya zabura, kansa ne zai juyo wajenka, sai ƙarfin ya tafi a banza.

Halti daga Ingila take, wani masanin halayyar dabbobi, Dokta Roger Mugford, ya ƙirƙiro ta. Gentle Leader kuma daga Minesota ta Amurka, aikin wani likitan dabbobi ne, R. K. Anderson, da wata mai horar da karnuka, Ruth Foster, a shekarun 1980. Bambancin da zai shafe ka shi ne, Gentle Leader siririya ce, ba ta da tarkace, amma sai an ɗaure ta daidai: maɗaurin wuya ya kama har yatsa ɗaya kawai ke shiga, na baki kuma ya iya saukowa zuwa inda naman hanci ya fara amma kada ya zame ya fita. Halti tana da maɗaurai a kumatu, ta fi sakewa, kuma tana zuwa da wani ɗan gajeren maɗauri da ake haɗa ta da abin wuyansa, ko ya tuɓe ta yana hannunka. Tun da dattijo ne zai riƙe shi a unguwa mai awaki da yara, ni Halti zan zaɓa saboda ɗan maɗaurin nan kaɗai.

Kafin ka biya kuɗi, ari tef ɗin tela ka auna wuyansa ta bayan kunnuwa, ka auna zagayen bakin ɗan ƙasa da idanu, ka gwada da jadawalin da ke jikin kwalin. In ta yi masa yawa za ta riƙa hawa tana shiga idonsa. Masu kare mai dakakkiyar fuska, gajeren hanci, su kam kada ma su saya, ba inda za ta zauna.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ba a fizga. Kada kuma a haɗa ta da doguwar igiya ko mai naɗe kanta, domin in ya taho a guje igiya ta ƙare, wuyansa ne zai murɗe. Igiya gajera, a sake, hannu a ƙasa.

Maman yara, Abuja:
Likita ta gama magana, ni dai kuskurena zan faɗa. Ranar da tawa ta iso, ɗoki ya sa na zura wa karyata muka fita. Ko taku goma ba mu yi ba ta kwanta a tsakiyar layi tana dirza fuska a ƙasa, tana sa ƙafafun gaba tana ƙoƙarin cirewa, masu shago suna ta kallona. Na dawo gida na jefa ragamar a durowa wata guda. Da na sake farawa, sai na bi a hankali. Na dafa hanta na yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. In riƙe maɗaurin bakin ragamar a buɗe, hantar tana ɗaya gefen, ita da kanta za ta cuso baki ta ɗauka, in cire. Kwana uku ba na ko ɗaurewa. Daga nan na riƙa ɗaura mata lokacin cin abinci kawai, sannan zagayen tsakar gida. Sai da muka yi kusan kwana goma kafin mu leƙa waje. Yanzu da ta ga na ɗauko sai kaɗa wutsiya.

Ka duba ɗinkin da zoben da kyau, jabu sun yi yawa. Ta farko da na saya mai araha, gashin saman hancinta ta cinye, sai da na nemi mai laushi a ciki. Kuma kada ka ba shi kilishi ko tsire a matsayin lada, albasa na yi wa kare illa, ga yaji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Likita, Hajiya, Allah ya saka. Sai dai Baba ba zai yarda ya ba kare abu a baki da hannunsa ba, yana gudun yawun saboda kayan sallarsa. Ni ma gaskiya haka.

Maman yara:
Ai da sauƙi. Dogon cokali na ware mata, da shi nake miƙa hantar ta cikin maɗaurin bakin. A hanya kuma in ta yi tafiya mai kyau sai in jefa mata a ƙasa kusa da ƙafata. Ka saya wa Baba riga ɗaya ta fita da kare, ya rataye ta a ɗakin gadi.

Mai Doki:
Likita, in ba a samu ta kanti ba, dukawanmu da ke ɗinka ragamar dawaki ba za su iya ba?

Likitar dabbobi:
Za su iya, Alhaji, in an kai musu samfuri da awo. Sai dai fata in ta sha ruwa ta bushe takan yi tauri ta goge hanci, a sa mata laushi a ciki, zoben kuma ya zama wanda aka like bakinsa da walda. Malam, wani abu kuma: ragama tana rage ƙarfin ja ne, ba ta koya masa tafiya. Duk sanda igiya ta miƙe, a tsaya cak, sai ya sassauta a ci gaba. Da fari tafiyar minti goma za ta ci muku rabin awa. In bayan mako biyu ya ƙi ta sam, akwai ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, ita ma tana juyo da shi, ko da yake ba ta kai ragama riƙe babban kare ba. A dawo gida a cire masa, ba a barin sa da ita a ɗaure ko ya kwana da ita. Kuma tun da yana bin awaki, ka duba katinsa ko lokacin allurar haukan kare ya yi.

Mai tambaya:
Allurar sai watan gobe, na duba. Na auna shi yanzu da tef ɗin uwargida, da ƙyar ya tsaya. Ni zan fara fita da shi da kaina bayan asuba har hannun Baba ya warke. Hajiya, hantar ta kwana nawa take yi a firiji kafin ta lalace?