Neman kalma: me za mu kira "five-second rule" da Hausa?

Malamar firamare: Jama'a, ina shirya wa 'yan aji uku darasin tsaftar abinci, na maƙale a wuri ɗaya. Turawa na da wani zance, wai in abinci ya faɗi ƙasa ka yi wuf ka ɗauke kafin sakan biyar, ƙwayoyin cuta ba su kai ga hawansa ba. Na rubuta "dokar daƙiƙa biyar", amma sam bai kwanta mini ba.

Ma'aikacin lafiya: Malama, fara cire "doka". Yaro na jin doka zai ɗauka abin bi ne, alhali zancen ba shi da tushe. A 2016 Farfesa Donald Schaffner na Jami'ar Rutgers a Amurka da ɗalibarsa sun yi ta yar da kankana, burodi, burodi mai bota da alewa mai danƙo a kan tayil, katako, ƙarfe da kafet da aka shafa wa bakteriya. Wani lokacin ko sakan ɗaya bai cika ba ƙwayoyin sun haye. Kankana ta fi kwasa, don danshi ne hanyarsu. Abin mamaki, kafet bai kai tayil da ƙarfe saki ba.

Malamin Hausa: Ita ma "daƙiƙa" ina da ja. A Larabci minti take nufi, ɗan Islamiyya zai ji minti biyar, kin ga an ƙara masa wa'adi ke nan. "Sakan" kowa ya sani. Ni da "tatsuniyar sakan biyar" zan ce.

Malamar firamare: Allah gafarta Malam, ai 'yan ajina tatsuniya daɗi take musu! Ina faɗa za su gyara zama.

Wata uwa daga Maraɗi: To ina hadisin da ya ce in loma ta faɗi a ɗauka, a cire ƙazantar, a ci, kada a bar wa Shaiɗan? Yara za su tambaye ki.

Ma'aikacin lafiya: Gaskiya ne Hajiya, kuma hadisin sharaɗin gusar da ƙazanta ya sa, bai ce a yi sauri ba. Dabino ko mangwaron da ba a yanka ba ya wanku da ruwa mai tsabta. Lomar tuwo da miyar kuɓewa a tsakar gidan da kaji ke kiwo fa, ta ina za a wanke ta? Busar baki da gogawa a riga yashi kawai suke kaɗewa.

Malamin Hausa: To ga "camfi". Abu ne da ake yarda da shi ba hujja, kuma sunan kansa ya ƙaryata shi tun kafin a fara bayani.

Malamar firamare: Camfin sakan biyar. Wannan ya zauna. Shi zan sa a allo, in je da yankan kankana da ƙwayar dabino su faɗa mini wanne zai wanku.