Gargaɗin Revit ya taru a samfurin bene: wanne ya kamata a fara gyarawa?

Mai Zane, Hotoro:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan mu uku muna haɗa samfurin wani bene mai hawa huɗu a manhajar zanen gini ta Revit, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, kuma dukanmu a kan fayil guda na tsakiya muke aiki. Al'adarmu ita ce idan ƙaramin akwatin gargaɗi ya fito a kusurwar allo sai mu rufe shi mu ci gaba, tunda ba ya tsayar da aiki. Jiya na buɗe jerin gargaɗin, sai na tarar sun haura 900. Fayil ɗin ya yi nauyi, ga shi mako mai zuwa za mu miƙa jadawalin ƙofofi, tagogi da bango ga mai ƙididdigar kayan gini. Shin wajibi ne a share su baki ɗaya kafin nan, ko akwai waɗanda za a iya bari?

Injiniya, Nasarawa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada yawan ya tayar maka da hankali, domin ba adadin ne abin dubawa ba, irinsu ne. A cikin akwatin da ka buɗe akwai maɓallin fitar da jerin zuwa fayil na HTML. Ka fitar da shi, ka buɗe a Excel, ka jera su iri-iri, za ka ga cewa mafi yawansu saƙo huɗu ko biyar ne suke ta maimaituwa. Kowane layi yana ɗauke da lambar abin da ya jawo shi, kuma da wannan lamba za ka nemo abin a cikin samfurin kai tsaye.

Wanda za ka fara da shi shi ne mai cewa akwai abubuwa biyu iri ɗaya a wuri guda, wanda manhajar da kanta take faɗa maka cewa za a ƙirga su sau biyu a jadawali. Ido ba ya ganinsa, saboda ɗaya yana kwance a cikin ɗaya daidai. Idan ginshiƙi ne, kankarensa ya ninku a takarda, kuma idan aka bi wannan takarda wajen sayen siminti da rodi a Ƙofar Ruwa, mai gini ne zai biya kuɗin abin da babu shi a ƙasa. Bayan wannan sai bangon da ya hau kan wani bango, wanda yakan faru idan aka zana na bulo inci 9 sannan wani ya zo ya ja na inci 6 a kansa. Sai kuma ɗakin da bai rufu ba, da ɗakuna biyu da suka faɗa cikin iyaka ɗaya, domin na farko ba ya ba da faɗin ƙasa kwata-kwata, na biyun kuwa ɗaya ne kawai yake samun faɗin. Lambar shaida da ta maimaitu a kan ƙofofi tana iya jira.

Hajiya mai ƙididdiga, Tarauni:

Na yarda da Injiniya a kan komai in ban da maganarsa ta ƙarshe. A wurinku masu zane maimaituwar lambar ƙofa ƙaramin abu ne, amma ni da nake karɓar jadawalin, idan na ga ƙofa biyu da lamba ɗaya, ɗaya ta ƙarfe ɗaya ta katako, ba ni da hanyar sanin wacce ce ta shago wacce ce ta ofis sai na koma ina bin zane hawa-hawa. Kafinta da mai walda ma da wannan lambar suke aiki a wurin gini. Gyaransa kuma ba ya cin lokaci, domin a cikin jadawalin kansa ake sauya lambobin.

Ka kuma sani, ɗana, jerin gargaɗi ba ya nuna maka inda bututun ruwa ya ratsa bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, idan samfurin injiniyoyi daban aka haɗo shi. Wannan binciken karo ne, aikinsa daban, a Revit ɗin ko a wata manhaja mai suna Navisworks.

Malam na Gwale:

Akwai wani iri da ba a ambata ba, kuma ina kyautata zaton shi ne ya cika maka jerin: layi ko bango da ya ɗan kauce daga miƙe da ƙasa da digiri 0.2. Galibi daga zanen manhajar AutoCAD na masu awon fili yake zuwa, musamman da yake filayen cikin gari ba kasafai kusurwoyinsu suke tsayawa daidai ba, sai mai zane ya bi layin awon yana ɗora bango. Ba ya ƙara kuɗi kai tsaye, amma yana hana ma'auni kamawa, yana kuma ɓata haɗuwar bango. Maganinsa a jingina fayil ɗin awon ba tare da an farfasa shi a cikin samfurin ba, a ja layukan ginshiƙai da hannu, a ɗora bango a kansu.

Game da nauyin fayil, gargaɗi yana da nasa kaso, amma ba shi kaɗai ba ne. Ku ajiye kwafi tukuna, kowa ya saki sassan samfurin da ya riƙe a fayil na tsakiya, mutum ɗaya ya buɗe fayil ɗin da zaɓin bincike, ya cire abubuwan da ba a amfani da su, sannan ya matse shi wajen adanawa. A tabbata akwai wuta tsayayya ko inbata kafin a fara.

Mai Zane, Hotoro:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jera su kamar yadda Injiniya ya ce, kuma hasashen Malam ya yi daidai, fiye da 500 na layin da ya kauce ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ginshiƙan hawa na biyu da tagoginsa, ashe sau biyu aka kwafo su daga hawa na ɗaya. Na goge na ƙari, na gyara lambobin ƙofofi, Hajiya. Saura shaguna bakwai da ba su rufu ba ta gefen baranda, gobe zan ja musu layin raba ɗaki in sake fitar da jadawalin.