Sayar da askirim a Kano: wane lokaci ne na ciniki, wane ne na asara?

Maman Shago:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon kayan masarufi kusa da wata makarantar firamare a Kano, ina son in ƙara firiza ɗaya ta askirim. Wasu sun ce kasuwar ta bazara ce kawai, sauran watanni kuɗin wuta zan yi ta biya. Don Allah masu sana'ar, yaya ciniki yake tafiya a shekara, kuma yaushe ya kamata in fara sari?

Dillalin Kayan Sanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ciniki yana farfaɗowa daga ƙarshen Fabrairu, da hazo ya fara janyewa, ya yi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu. Amma ki lura da wani abu: ranar da zafi ya haura digiri 40, kamar yadda ake yi a Afrilu, ƙishirwa ce ke damun mutum, ba kwaɗayi ba. Askirim mai madara da zaƙi sosai ƙara masa ƙishi yake yi, ga shi yana zuba a hannu kafin a shanye. Sai ki ga an koma kan fiya wata, zoɓo mai ƙanƙara, yogot na leda da askirim na tsinke mai ɗanɗanon lemo. A watannin nan ki ba irin waɗannan fiye da rabin firizar. Na kofi mai madara da yamma da dare yake tafiya.

Da damina ba sanyi ne ke kashe kasuwa ba, ruwa ne. Hadari ya haɗo da la'asar, kowa ya shige gida, cinikin ranar ya tafi. Ke da kike dogaro da 'yan makaranta, Agusta ne zai fi ba ki wahala, domin ga ruwa ga dogon hutu. Daga nan akwai zafin kaka a Oktoba, wanda mutane ke rainawa alhali ana samu sosai. Disamba da Janairu ki rage sari ƙwarai, iyaye na hana yara saboda mura da tari.

Ki sa azumi a lissafi. A 2024 da 2025 a Maris ya kama, ya kwashe cinikin rana gaba ɗaya ya mayar da shi bayan shan ruwa. Tunda duk shekara yana dawowa baya da kimanin kwana 11, yanzu fita yake daga bazara yana shiga sanyi. Ki kunna firiza a tsakiyar Fabrairu, ki yi sari kaɗan-kaɗan na mako guda, kada ki cika ta a tashin farko.

Mai Gyaran Firij:
Alhaji ya yi bayanin kasuwa, amma lokacin da ciniki ya fi yawa shi ne lokacin da firiza ta fi mutuwa. Hajiya, ki sayi ta kwance mai murfi a sama, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa idan an buɗe. Ki duba takardar da ke manne a bayanta: harafin T na nufin an ƙera ta don zafi har digiri 43, ST iyakarta 38, N kuma 32. Tokumbo da yawa N ce, shi ya sa a Afrilu kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya firizar, ke aiki ba hutu har ta ƙone.

Ki bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, kada rana ta taɓa ta. Da hunturu ya wuce a goge ƙurar da ta toshe ragar kwandensa, wato wadda ke fitar da zafin firizar, da burushi. Ki haɗa ta da sitabilaiza, saboda ƙarancin ƙarfin wuta ya fi ɗaukewarta illa, kuma idan an dawo da wuta a jira minti 5 kafin a kunna.

Maman Shago:
Na gode ƙwarai. To idan aka ɗauke wuta yini guda fa? Bulo na ƙanƙara zai riƙe min kayan?

Mai Gyaran Firij:
Ba zai riƙe ba. Ƙanƙarar ruwa zalla a sifili take narkewa, shi kuwa askirim a digiri 18 ƙasa da sifili ake ajiye shi, kuma tun kafin ya kai sifili ya yi laushi saboda sukarin da ke cikinsa. Ki narkar da gishiri giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, ki zuba a gorunan roba, ki bar sarari a wuyansu, ki jera su a gefe da saman kaya. Wannan haɗin sai wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake narkewa, don haka yana sayo miki 'yan awoyi. Ya wuce haka sai janareta ko sola.

Dillalin Kayan Sanyi:
Kuma wanda ya narke ya sake daskarewa kada ki sayar. Iskar da aka buga a cikinsa ta fice, sai ki ga ya janye daga jikin kofi, da ƙwayoyin ƙanƙara masu garas-garas a baki. In ya daɗe a narke, madara ce, tana iya ɓata cikin yaro, kuma uwa ɗaya ta isa ta sanar da layi duka. Ranar kawo kaya ki matsa kofi biyu ko uku daga tsakiyar kwali: in sun lotsa ko murfin ya yi danƙo, ki mayar tun mota ba ta tashi ba.