Neman taimako: lissafin amfanin wake da aka shuka a gauraye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Agege, ina rubuta kundin digiri na biyu, kuma kaina ya ɗaure.

Wake iri biyu na gwada: kowanne shi kaɗai, sannan a gauraye, an maimaita sau 4. Ranar girbi yaran da na ɗauka suka sussuke na gaurayen tare, kuma duka farare ne, ba mai iya tsince su. To lissafin LER (ma'aunin da ke nuna ko shuka a gauraye ta fi shuka kowanne daban amfani da fili) yana buƙatar nauyin kowane iri daban, ni kuwa jimla kawai gare ni.

Shin ya halatta in kwatanta jimlar da matsakaicin na tsantsar biyu ta ANOVA (gwajin ƙididdiga na kwatanta matsakaita) a manhajar R? Ruwa ma ya cinye fili ɗaya. Don Allah malamai, ya zan yi da wannan giɓin?