Gyaɗar rumbu ko sinadarin kamfani: muhawarar da ta tashi a zauren gidanmu

Kawu: Salamu alaikum. Yanzu muka dawo daga jana'izar maƙwabcinmu na Tudun Wada, wanda ya yi wata huɗu yana jinya a asibitin Shika. Ciwon daji na hanta, ko shekara arba'in da biyar bai kai ba. Ni maganata ɗaya ce, kuma na daɗe ina faɗinta: kayan kamfani ne suka kawo mana wannan ciwo. Lemon kwalba, ɗanɗanon girki, abincin gwangwani, maganin feshi. Abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya sa wa mutum daji.

Goggo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari.

Auta: Amin. Kawu, ku yi haƙuri zan sa baki, tunda a kan wannan nake karatu. Cikin abubuwan da suka fi ƙarfi wajen haddasa dajin hanta akwai wanda ba kamfani ke yinsa ba. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in sun sha danshi ita ke fitar da shi, sunansa afulatoksin. A 1960 aka fara gano shi, lokacin da talo-talo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A Kenya kuma, a 2004, mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta yi funfuna. Masarar gonarsu ce, su suka noma abinsu.

Kawu: Ƴar nan, kakanninmu da gyaɗa suka rayu. Dalar gyaɗa aka tara a Kano. Me ya sa ba su ƙare ba?

Goggo: Kawu, ka manta da mijin Inna? Cikinsa ya kumbura kamar tulu, idonsa ya yi ɗorawa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sammu aka ce. Wa ya kai shi hoto a lokacin? Ni dai tun da Auta ta fara min wannan bayani nake tuna shi.

Kawu: Allah ya jiƙansa. Amma ba ki da tabbacin abin da ya kashe shi.

Goggo: Ba ni da shi. Kai ma ba ka da tabbacin lemon kwalba ne ya kashe maƙwabcinka.

Auta: Kawu, akwai wani masani ɗan Amurka, Bruce Ames, da ya koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ya rasu a 2024. Da farko kusan ra'ayinku gare shi. A shekarun 1970 ya ƙirƙiro gwajin da har yau ake kira da sunansa. Za a ɗauki wasu ƙwayoyin bakteriya da aka nakasa yadda ba za su iya tsiro ba sai an ba su wani sinadarin abinci, a zuba su a faranti tare da abin da ake zargi, a ƙara ruwan hantar ɓera don a kwaikwayi abin da jiki ke yi. In abin yana taɓa ƙwayar halitta, bayan kwana biyu sai ka ga farantin ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Na yi shi da hannuna, na ƙirga ɗigon. Gwajin ɓera kuwa shekara biyu yake ci. Da wannan hanya ya taimaka aka hana wani sinadarin hana kama wuta da ake sa wa kayan barcin yara a Amurka a 1977.

Daga baya shi da abokiyar aikinsa Lois Gold suka tattara sakamakon gwaje-gwajen ɓeraye, sai suka ga wajen rabin abubuwan da aka gwada suna sa daji in an ɗura da yawa, na kamfani ne ko na tsiro. Tsiro ma yana yin gubarsa don ya kare kansa daga ƙwari. A 1990 suka rubuta cewa kashi 99.99 cikin ɗari na maganin ƙwarin da Ba'amurke ke ci a abinci, tsiron ne da kansa ya yi shi. Mutumin da ya fara da farautar kayan kamfani ya dawo yana cewa a duba yawan abin da ya shiga jiki, a daina tambayar wa ya yi shi.

Yaya: Auta, tsaya. A nan ina bayan Kawu. Shi wannan bawan Allah abincin Amurka ya auna, inda ake bin manomi da ma'auni. Ke kin taɓa tsayawa a wurin da ake ɗura wake a buhu? Ni aikin gona ya kai ni. Da idona na ga yaro ya huda murfin kwalbar fiya-fiya da ƙusa yana yayyafawa a kan wake, ba safar hannu, ba takunkumi, warin har maƙogwaro. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, a namu an samu har 4.6. Kada ki ɗauko lissafin wata ƙasa ki ɗora mana.

Kawu: Yauwa! Allah ya yi maka albarka.

Auta: Yaya, gaskiyarka, ban musa ba. Ko a can ma masana da yawa sun ja da shi, sun ce kamfanoni sun fake da maganarsa. Amma dubi abin da ka kafa hujja da shi: yawa. 4.6 a inda ya kamata a ga 0.01. Ma'aunin da nake roƙo a yi amfani da shi ke nan, a kan fiya-fiya da kuma a kan gyaɗa.

Baffa: Ni ɗan kasuwa ne, ku yi min dalla-dalla. An taɓa turo mana saƙo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nama a layi ɗaya da taba. To wane ne ba ya cikin layin?

Auta: Baffa, cibiyar binciken daji ta hukumar, wadda ke Liyon a Faransa, ita ke wannan rabo. A 2015 ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe a rukuni na ɗaya, inda taba da afulatoksin suke. Rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne kawai, wato an tabbatar macijin yana da dafi. Bai faɗi yawan dafin ba, bai faɗi sau nawa yake shigowa ɗakinku ba. Taba ta fi naman nan kisa nesa ba kusa ba. Sinadarin fiya-fiya yana rukunin da aka ce mai yiwuwa ne, hujjar daji a kansa ba ta kai ta funfuna ba. Haɗarinsa na kusa shi ne ya taɓa jijiyoyi, mutum ya kama amai da dalalar miyau, numfashi ya sarƙe.

Kawu: To kin ga ma ya fi saurin kisa.

Yaya: In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, Kawu. Masarar da muke shanyawa a gefen kwalta, raɓa ta sauka a kanta da dare, mu kwashe mu zuba a buhun leda ba ta gama bushewa ba, wannan mu muka yi, ba kamfani ba.

Goggo: Ni abin da ya dame ni daban ne. In na baza gyaɗa a faifai ina tsincewa, akwai ƙanana masu yamutsewa, akwai masu ƙura-ƙura kore-kore a tsakiya, in ka tauna ɗaya ɗaci ya cika maka baki. Da can gefe nake tara su in haɗa a ƙuli-ƙuli, ina cewa ai wuta za ta kashe komai. Kuma irinta ce ta fi araha a kasuwa, masu ƙuli da yawa ita suke saye.

Auta: Goggo, suya ba ta gamawa da shi, ragewa kawai take yi, kuma yawancinsa a tunkuza yake zama. Kada ku ba kaji ko akuya, a akuya har a nono yake fitowa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗuwarsa da ciwon hanta nau'in B. Hanta ce ke juya gubar ta zama abin da ke manne wa ƙwayar halitta, har ta lalata wadda ke tsare jiki daga daji, ana kiranta p53. In hantar dama tana fama da ƙwayar B, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. A binciken da aka yi a Shangai ya kai wajen ninki sittin. Rigakafin B kuwa sai 2004 ya shiga allurar yara a Najeriya, duk wanda ya girme ni a gidan nan da wuya in ya samu yana jariri.

Baffa: Wake dai ina da mafita, buhun PICS mai ninki uku da ke hana iska shiga, ba a sa masa magani. Tsadarsa ce ke korar mutane. Gyaɗa fa?

Yaya: Akwai Aflasafe, funfuna ce marar guba da ke danne mai gubar, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin fure. Sai shanya a kan tamfol, da ɗora buhu a kan katako.

Kawu: Na ji duka. Funfuna guba ce, na karɓa. Amma ba wanda zai sa na yarda cewa yawan dajin da muke gani yanzu ba shi da alaƙa da abin da ake ɗura mana a leda da kwalba. Lemo dai ba zai shiga gidana ba.

Auta: Kada ya shiga, Kawu, sukarinsa ma ya isa dalili. Roƙona ɗaya: matar mamacin da ƴaƴansa su je a gwada jininsu. In ƙwayar B ce ta taɓa shi, tana iya kasancewa a gidan.

Kawu: Wannan zan faɗa wa ƙaninsa bayan sadakar uku.

Goggo: Auta, in za ki zo ranar Asabar ki biya ki duba min buhu biyun da ke ɗakin baya. Ɗaya ya jingina da bangon da ke tsatstsafo tun damina.