Waɗanda suka taɓa kwana a Wadi Disa da babur, ku zo mu ji

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokaina biyu muna shirin tashi daga Madina a kan babura cikin Janairu, mu bi ta Khaibar zuwa Al-Ula, daga nan mu wuce Wadi Disa a yankin Tabuk. Kwana huɗu, duk a tanti, ba otal. Iyakar tafiyata a babur Makka zuwa Ɗa'if ce. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani, daɗi da wuya.

Kawun Jidda:
Wa alaikumus salam ɗana. Janairu ka ce? To ka manta da zafin Makka. Mu da muka je, bargo ɗaya na ɗauka, irin mara nauyin nan, ina ta cika baki wai ni ɗan Sahara ne. Ƙarfe ukun dare a bayan Al-Ula haƙorana suka fara kaɗawa. Da asuba na kasa matse kuloci, sai da na ɗumama yatsuna a jikin butar shayi. Gaba kuma yankin Tabuk ne fa, inda ƙanƙara ke sauka a kan dutsen Jabal Lauz. Safar hannu mai kauri da jakar barci, ba su da madadi. Madina zuwa Al-Ula ya haura kilomita 300, duk gidan man da ka gani ka cika tanki, ko da rabi ya rage.

Mai Honda:
Kawu ya faɗi sanyi, ni ruwa zan faɗa. Disa kwari ne tsakanin jajayen duwatsu masu tsayin da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Cikinsa dabino ne da dogayen ciyayi, ga ruwa na gudana a hankali, abin da ido bai saba gani a ƙasar nan ba. Kyawun nan ne ya ruɗe mu. Muka kafa tanti a tsakiyar kwarin, kan yashi mai laushi, har mun ɗora shinkafa.

Bayan magariba sai ga wani dattijo Balaraben ƙauye a tsohuwar akori-kura. Ya yi sallama, bai ko sauko ba, ya nuna mana gabas da haɓa. Walƙiya ce can nesa, ko tsawarta ba a ji. A kanmu kuwa taurari fes. Ya ce mu tattara mu hau tudu yanzu. Abokina ya soma gunaguni da Hausa, wai shinkafa ba ta nuna ba. Tsohon ya kashe mota ya zauna, alamar ba inda za shi sai mun tashi. Kunya ce ta sa muka kwashe, ba yarda ba.

Wajen sha ɗaya muka ji ƙugi kamar tirela na gangarowa. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma da muka haska tocila, inda muka kafa tanti ya zama kogi, jan ruwa ɗauke da rassan dabino. Da safe na sauka neman turakun tanti biyu da muka manta. Ko duwatsun murhunmu ban samu ba.

Ɗan Misfala:
Inna lillahi. Yaya, tudun da kuka koma, babur ya hau?

Mai Honda:
Turawa muka yi, ɗaya bayan ɗaya, mutum uku a kan babur guda.

Bakanike a Madina:
Shi ya sa ni ban goyi bayan shiga cikin Disa da babur ɗin kwalta ba. Yashi ne da ruwa. Na rage iskar taya, duk da haka sau biyu ina faɗuwa, na biyun salansa ta ƙona mini ƙauri, tabon yana nan. Ku ajiye babura a bakin kwarin, 'yan garin suna da motocin da suke shiga da mutane, ku yi ciniki. Ku tafi da kayan faci da ƙaramin famfo. Waya kuma tana ɗaukewa a ciki, ku gaya wa gida ranar fitowarku tun kuna waje.

Malam na Haram:
Tunda za ku bi ta Al-Ula, Mada'in Salih na kusa, wato Hijr. Kaburburan Nabatawa ne, wata al'ummar Larabawa ta zamanin da, sama da 100 sassaƙe a jikin dutse, kuma shi ne wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya, a 2008. Ba a shiga da babur, sai da tikiti, motarsu ke kai mutum. Ku tuna kuma, Annabi (SAW) ya ratsa nan a hanyar Tabuk shekara ta 9 bayan Hijira, ya rufe kansa ya hanzarta, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda aka halaka, wato Samudawa mutanen Annabi Salihu, sai ana kuka. Ni na shiga, amma ban iya cin komai a wurin ba. Kowa dai da malaminsa.

Kawun Jidda:
Na manta abu biyu. Kada ku yi tuƙin dare, raƙumi ba ya ɗauke da fitila. Kuma ku sayi gawayi tun daga gari, saran itacen daji tara ce mai zafi.

Ɗan Misfala:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na karanta wa abokan tafiya, ɗaya har ya ce shi a otal zai kwana a Al-Ula, mu same shi da safe. Bakanike, ranar Asabar zan kawo maka babur ɗin ka duba sarƙa da birki.