Fuska duhu, murya kamar daga cikin rijiya, ku taimaka

Ɗaliba: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. An ba mu aikin makaranta mu haɗa bidiyo na minti 5, hira ce da mutum ɗaya a cikin ɗaki, waya kawai muke da ita sai fitilar LED guda da muka aro. Da muka gwada fuskar mutumin ta fito baƙi ƙirin tagar bayansa kuma fari fat, ga wani layi-layi yana yawo a hoton, muryar sai amsa kuwwa take ga ƙarar fanka. Ta ina za mu fara?

Mai ɗaukar hoto: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tagar nan ita ce matsalarku, waya tana auna hasken bayansa ne sai ta danne fuskar. Ku juya shi tagar ta dawo gefen gabansa, wajen digiri 45 haka, ita ce babbar fitilarku kuma kyauta. Ɗaya gefen wani ya riƙe farin kwali ya mayar da haske kan inuwar. LED ɗin a kai ta bayansa daga sama ta haska kafaɗa da kai, sai ki ga ya rabu da bango. Amma ku kashe kwan ɗakin in mai ruwan ɗorawa ne, a ma'aunin launin haske shi wajen 3200K yake hasken rana kuma 5600K, in suka haɗu rabin fuska ja rabi shuɗi.

Mai haɗa sauti: Ni fa kullum haushina kenan, kowa fitila fitila, alhali malaminku zai iya jure hoto mai ɗan duhu amma wallahi in bai ji magana ba minti ɗaya ba zai kai ba. Amsa kuwwar nan nisa ne ya jawo ta, makirfon ɗin yana can jikin waya mita 2 ko 3 daga baki to dole ya kwashi ɗakin gaba ɗaya. Ku samu ƙaramin na maƙalawa a riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbata yadi ba ya gogarsa. Fanka a kashe, a daure da zafin. Ɗakin da babu kaya ya fi kuwwa, ku shimfiɗa kafet ku rataya bargo inda kyamara ba ta gani. Kuma wani ya sa iyafis yana sauraro lokacin ɗauka, ba sai an watse ba.

Ɗaliba: Na gode yayyena. To in ba mu samu na rigar ba fa? Kuma layi-layin nan?

Mai haɗa sauti: Waya ta biyu, a ajiye ta kusa da bakinsa inda ba za ta fito ba tana naɗar murya kaɗai. Kafin ya fara magana wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ku daidaita sauti da hoto wajen editin. Ku naɗi shirun ɗakin na sakan 30 kowa ya yi tsit, Audacity, wato manhajar gyaran sauti, zai yi amfani da shi ya rage ƙara, kar dai ku matsa masa da yawa murya takan lalace.

Mai ɗaukar hoto: Layin daga fitilar ɗaki ne ko LED mai araha. In wutar lantarkin wurinku 50Hz ce (Hz shi ne saurin juyawar wutar) ki sa 25fps, wato hoto 25 a kowane sakan, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane hoto, 1/50 na sakan, in 60Hz ce 30fps da 1/60. In wayar ba ta da wannan saitin ki sauke manhajar Blackmagic Camera.